Cutar da ke kwance a taɓon gonar shinkafa, amma ba mai neman ta a asibitocinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wata cuta da yawancin masu karatu ba su taɓa jin sunanta ba. Likitoci da yawa ma rabonsu da ita tun karatun jarrabawa. Sunanta meliyoidosis, ƙwayar bakteriyar da ke kawo ta kuma ana kiranta Burkholderia pseudomallei. Mazauninta cikin ƙasa ne da ruwan kwance, musamman taɓon gonakin shinkafa. Tana kama mutum, tana kama akuya da tunkiya da alade da raƙumi da doki.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne na asibiti, ɓangaren ƙwayoyin cuta. Da na ajiye aiki sai na koma gona, ina noman shinkafa a yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsa mu rani da damina. Kuma ina da ciwon suga. Duk wanda ya san wannan cuta zai gane dalilin da ya sa mai waɗannan abubuwa uku ba zai iya kama bakinsa ba.

Cutar ba sabuwa ba ce. A 1911 wani likita Bature mai suna Alfred Whitmore da mataimakinsa Krishnaswami suka fara gano ta a birnin Rangun na ƙasar Bama, a jikin gawarwakin talakawa masu yi wa kansu allurar mofin. Daga nan aka daɗe ana ɗaukarta cutar Kudu maso Gabashin Asiya da arewacin Ostireliya kawai, mu ba ruwanmu. A 2016 wasu masana suka haɗa bayanan ƙasa da ruwan sama da yawan masu ciwon suga, suka ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan 165,000 a duniya kowace shekara, 89,000 daga cikinsu suna mutuwa. A lissafin nasu Nijeriya ce kan gaba a Afirka, da sama da mutum 13,000 a shekara. To, ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, na yarda. Amma a ɗora wannan adadi kusa da abin da aka rubuta a hukumance, sai a ga abin tsoro. Sanannen rahoton da ake ambato a kan mutumin da ya ɗauki cutar a Nijeriya na 2011 ne, wata mata ce mai ciwon suga da ta zo ziyara ta koma Ingila, can asibitinsu ya gano abin da ke damunta. Ƙasarmu ta taka, ruwanmu ta sha, amma sai da ta tsallaka teku aka sa wa ciwonta suna.

Wani zai ce ai wataƙila babu ƙwayar a nan, tsautsayi ne kawai. Wannan magana ta riga ta faɗi. A 2017 an yi taron farko na Afirka a kan cutar a Legas. A 2019 masu bincike 'yan Nijeriya da abokan aikinsu na ƙasar Holan suka haƙa ƙasa a gonakin jihohi da dama, sakamakon ya fito a 2023, kuma sun samu ƙwayar a raye. Ta fi yawa a kudu maso gabas, wajen Ebonyi, inda su ma shinkafa suke nomawa, amma ba can kaɗai aka same ta ba. Maƙwabtanmu kuwa sun riga mu gani. Tun farkon shekarun 1970 likitocin dabbobi a mayankar Yamai suka ciro ta daga ƙurajen aladun da aka yanka, kafin nan ma an same ta a jikin akuya a Cadi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙasar fadamar Kura da ta Haɗeja da ta Argungu ba wata katanga ce ta raba su da ta Yamai ba.

Ƙwayar tana zaune a ƙarƙashin ƙasa, wajen tsawon kamu guda ko fiye, inda danshi ba ya ƙarewa. Juriyarta ta wuce misali: a Tailan an ajiye ta cikin tataccen ruwa wanda babu komai na abinci a ciki, bayan shekara 16 aka duba aka tarar tana nan da ranta. Idan ruwan sama ya sauka da ƙarfi, ko aka sako ruwan ban-ruwa aka kaftu gona, sai ta taso sama. Daga nan hanyarta uku ce zuwa jikin mutum. Ko ta shiga ta rauni a fata, ko a shaƙe ta cikin feshin ruwa da ƙura lokacin hadari mai iska, ko a sha ta a ruwan da ba a tafasa ba. Yanzu a dubi mai dashen shinkafa. Tun safe yana tsaye cikin taɓo har ƙwauri, ƙafa babu takalmi, dunduniya duk faso, tsakanin yatsu ruwa ya cinye, hannu ga yankan lauje. In ƙishirwa ta kama shi, ya duƙa ya kamfata daga kwatar ruwa ya sha. Ni na ga wannan a gonata, kullum ina gani.

Kada in tayar wa mutane da hankali fiye da kima. Mafi yawan masu ƙoshin lafiya da ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya, jikinsu na murƙushe ta. Cin dafaffiyar shinkafa ba ya kawo cutar. Da wuya ƙwarai mutum ya ɗauka daga mutum, don haka ba abin da za a guji majiyyaci a kai ba ne. Waɗanda take kayarwa su ne masu ciwon suga, su ne wajen rabin duk waɗanda ake kwantarwa da ita, sai masu ciwon ƙoda, masu tsohon ciwon huhu, mashaya giya, da masu shan magungunan da ke raunana garkuwar jiki irin su dexamethasone da prednisolone. A nan sai in ɗan ratse: waɗannan ƙwayoyi biyu ana sayar da su a kemis ba tare da takardar likita ba, tsofaffi na sha don ciwon gwiwa, 'yan mata na sha don su yi ƙiba. Ciwon suga kuwa ya daina zama na Alhazan birni. Ya shigo ƙauye, kuma da yawa masu shi ba su san suna da shi ba sai ranar da gyambo ya ƙi warkewa.

Babbar matsalar cutar ita ce ba ta da fuska ɗaya. Wani za ta zo masa da zazzaɓi mai zafi da ciwon huhu, ta shiga jini, cikin kwana biyu ko uku a rasa shi. Wani kuma za ta yi masa ƙuraje masu mugunya a hanta, ko saifa, ko mafitsara da kewayenta. Wani gyambo ne kawai a ƙafa da ya ƙi jin magani. A yaran Tailan takan fito da kumburi mai mugunya a gefen kunne. Wani kuma sai ta bi shi a hankali wata da watanni, tari, rama, gumin dare, hoton ƙirji ya nuna rami a saman huhu, kowane likita ya gani zai ce tarin fuka ne. Yawanci alamun kan bayyana tsakanin kwana 1 zuwa 21 bayan ƙwayar ta shiga, amma takan yi lamo a jiki shekaru. Sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam wasunsu sai da suka daɗe da komawa gida ta tashi musu.

To ga yadda abin yake tafiya a wurinmu, kowa ya sani. Mutum ya yi zazzaɓi, a je kemis, a ba shi maganin maleriya. Bai sauka ba, a je a yi gwajin Widal, a ce taifot, a ɗaura ruwa, a yi allurar ceftriaxone ko janta, wato gentamicin. Bai sauka ba, a ce "taifot da maleriya ne suka haɗu", a sake wani zagayen. In tari ya shigo, a tura shi sashen tibi. Akwai wani maƙwabcina a gona, dattijo mai ciwon suga, da ya bi wannan layi daki-daki a wata damina da ta wuce. An gwada majinarsa ba a ga ƙwayar tibi ba, duk da haka aka ɗora shi a kan maganinta saboda hoton ƙirji. Ya sayar da buhunan da ya ajiye na iri, ya sayar da ɗan maraƙinsa. Allah ya yi masa rasuwa kafin girbi, Allah ya jiƙansa. Ban ce meliyoidosis ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Abin da nake cewa shi ne, a duk tsawon jinyar nan, asibiti uku, babu inda aka ɗebi jininsa aka shuka don a ga wace ƙwaya ce ke ciki.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Meliyoidosis ba a gane ta da ido, ba a gane ta da Widal, ba a gane ta da hoto. Hanyar da aka dogara da ita ita ce gwajin da muke kira kalca: a ɗebi jini ko mugunya ko majina ko fitsari, a zuba a kwalba ko faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a sa a akwatin ɗumi, a jira abin da zai tsiro. A inda na yi aiki, kwalaben jinin sukan yanke wata da watanni. In akwai kwalba, wuta ta ɗauke cikin dare, akwatin ya huce, aikin ya lalace. In duk an dace, kuɗin gwajin ya fi ƙarfin majiyyaci, kuma likita na ganin me zai sa ya jira kwana uku alhali ga allura a hannu. A hankali sai likitoci suka daina rubuta gwajin, masu sayo kaya suka ga ba a nema suka daina sayowa, matasan ma'aikata suka taso hannunsu bai saba da shi ba.

Ko an shuka jinin ma, akwai wani tarko a gaba, kuma wannan maganar da abokan sana'ata nake yi. Ƙwayar nan a madubin gwaji siririya ce, ja, cikin rukunin da muke kira Gram negatif, kuma tana amsa gwajin oksides. Wato a ranar farko kamanninta ɗaya da dangin Pseudomonas, waɗanda ke yawo a famfo da kwatami da tebur. Ma'aikacin da ba a taɓa gaya masa akwai ta a ƙasarsa ba zai rubuta "Pseudomonas", ko ya ce datti ne ya faɗa farantin, ya jefa a bokitin ƙonawa. Har injinan zamani masu tsada da ke fitar da sunan ƙwaya sukan ba ta sunan wata 'yar'uwarta in ba a sa ta cikin ma'ajiyarsu ba. Alhali alamunta ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san abin da yake nema. In aka bar farantin ya ƙara kwana biyu ko uku, tsiron yakan bushe ya yamutse kamar kauɗar tumatir. Yana kuma da warin ƙasa, ko da yake kada wanda ya kai hancinsa, domin ma'aikatan lab sun taɓa ɗaukar cutar a bakin aiki. Sannan akwai gwaji mai arha na 'yan ƙananan faifan magani guda uku da ake ɗorawa a kan faranti: gentamicin, colistin da co-amoxiclav. In ƙwayar ta bijire wa biyun farko amma na ukun ya kashe ta, to a tsaya, a rufe farantin, a kira likita, a aika samfurin babban ɗakin gwaji. Faifan nan uku ba su da tsada. Akwai kuma wani abincin shuka na musamman da wani masani ɗan Ostireliya mai suna Ashdown ya haɗa a 1979, wanda ke hana sauran ƙwayoyi tsirowa ya bar wannan, kuma ana iya haɗa shi a lab na asibitin koyarwa ba sai an yi odarsa daga waje ba.

Me ya sa sunan ƙwayar ke da muhimmanci haka? Saboda magungunan da muka saba ɗirka wa mai zazzaɓi ba sa taɓa ta. Penisilin, ampisilin, janta, duk a banza. Ceftriaxone da muka mayar maganin komai ba ya wadatarwa. Abin da ke aiki shi ne allurar ceftazidime ko meropenem ta jijiya, aƙalla kwana 10 zuwa 14, wani lokaci makonni da yawa in akwai ƙurji a ciki, sannan a bi da ƙwayar co-trimoxazole, wadda muka fi sani da Septrin, wata 3 zuwa 6 don kada ta dawo. A 1989 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitin Ubon Ratchathani a arewa maso gabashin Tailan, inda ceftazidime ya rage mutuwar masu tsananin cutar daga kashi 74 cikin 100 zuwa 37. Magani ɗaya, rabin gawarwaki. Har yau a wannan yanki na Tailan wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka kwantar suna mutuwa, amma a Darwin ta Ostireliya, inda ake ganewa da wuri kuma akwai ɗakin kulawa mai kyau, abin ya sauko wajen kashi 10. Ceftazidime yana nan a kasuwar maganinmu. Ba a rubuta shi ne kawai saboda ba a san ana bukatarsa ba. Sai dai ina gargaɗi, kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis ya sayi Septrin ya ce yana rigakafi. Shi kaɗai ba ya kashe cutar in ta yi tsanani, kuma yana da illolinsa ga fata da ƙoda da jini.

Ƙasar Lawos ta ishe mu misali. Kafin 1999 babu ko mutum ɗaya da aka rubuta yana da cutar a can. A shekarar aka inganta ɗakin gwajin asibitin Mahosot da ke babban birninsu, aka fara shuka jini yadda ya kamata. Cikin shekara ashirin da suka biyo baya sun tabbatar da fiye da mutum 1,000. Ba cutar ce ta shigo a 1999 ba, masu neman ta ne suka shigo. Amurka ma da take ganin ta fi ƙarfin abin, a 2021 mutum huɗu suka kamu a jihohi huɗu, biyu suka mutu, aka bi sawu aka tarar wani turaren feshi na ɗaki ne da aka yi a Indiya, a 2022 kuma suka samu ƙwayar a ƙasar jihar Mississippi. A 2025 bayan ambaliyar arewacin Queensland mutum fiye da 30 suka mutu da ita a Ostireliya. Mu da ambaliya ta zame mana baƙuwar kowace shekara, daga Haɗeja har Maiduguri, wa ya taɓa bin mutanen da ruwa ya kora ya ga irin zazzaɓin da ke kashe su bayan kwalara ta lafa?

Ɓangaren dabbobi gajere ne amma yana da amfani. Akuya da tunkiya da alade su suka fi kamuwa, raƙumi ma ba ya jure ta, shanu kuwa sun fi juriya. Dabbar takan rame, ta yi tari, ta yi ɗingishi, hantsar akuya ta kumbura, in an yanka a tarar da ƙuraje a huhu ko saifa ko hanta. Ba kowane ƙurji ne wannan cuta ba, akwai wasu cututtuka da suka fi ta yawa masu yin haka. Kuma da wuya mutum ya ɗauka kai tsaye daga dabba. Amfanin dabbar shi ne tana nuna mana ƙasar da ta yi kiwo a kai. Mahauci a kwata yakan yanke wurin ƙurjin ya jefar, ya sayar da sauran, malamin dabbobi in yana nan ya buga hatimi. Da za a ce sarakunan fawa da malaman dabbobi su riƙa ajiye irin waɗannan ƙuraje, ko da sau ɗaya a mako, a aika Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom ko sashen likitan dabbobi na jami'ar Zariya ko Sakkwato, da mun samu taswirar da ba mu da ita a kan kuɗi kaɗan. Abin da aka yi a Yamai ke nan shekara hamsin da suka wuce. Mahauci mai rauni a hannu ya ɗaure shi kafin ya taɓa mugunya, nonon akuya kuma a tafasa.

Na san abin da wasu manya a ma'aikatar lafiya za su ce: muna fama da maleriya da kwalara da zazzaɓin Lassa da mashaƙo, ina muka ga sararin wata cuta mai sunan Latin? Amsata ita ce ban roƙi a kafa wata hukuma ko a ware mata kasafi ba. Kwalbar jinin da za ta kama wannan ƙwaya ita ce dai za ta tabbatar da taifot na gaskiya, ta raba shi da na Widal, ita ce za ta nuna ƙwayar da ke kashe jarirai a ɗakin haihuwa, ita ce za ta gaya mana wane magani ya daina aiki. A gyara akwatin ɗumi, a sa masa sola, a tabbatar kwalabe ba sa yankewa a manyan asibitocin yankunan shinkafa, a sa faifan nan uku cikin kayan aiki. Makarantun koyon aikin lab su sa cutar cikin darasi a matsayin tamu, ba ta Asiya ba. Likita kuma in ya ga manomi mai ciwon suga da zazzaɓin da ya ƙi ji a tsakiyar damina, ko mai "tibi" da majinarsa ba ta nuna komai ba kuma magani bai karɓe shi ba, ya rubuta kalca kafin ya canja allura ta uku.

Ga 'yan'uwana manoma, musamman masu suga irina, cutar ba ta da allurar rigakafi har yanzu. Dogon takalmin roba nake sawa in zan shiga taɓo. Yana da zafi, yana kafewa a laka, yara ma'aikata na yi mini dariya suna cewa Baba ya zama injiniya, amma ina sawa. Wanda ba zai iya ba, aƙalla ya wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta da zarar ya fito, kada ya shiga gona da buɗaɗɗen rauni, kuma a bar al'adar shafa ƙasa ko taɓo a kan yanka don tsayar da jini. A tafi gona da ruwan sha daga gida. In hadari mai iska ya taso, mai suga ya nemi ɗaki. Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa gwada sugansa ba, ya gwada kafin dashe.

Kai kuma Edita, ga roƙona na ƙarshe. Ka tura wakilinka manyan asibitocin gwamnati biyu ko uku a garuruwan da ake noman shinkafa, kada ya tsaya ofishin shugaba, ya wuce ɗakin gwaji ya nemi rajista. Ya ƙirga gwajin Widal nawa aka yi a watan jiya, ya ƙirga kalcar jini nawa, ku buga mana lambobin biyu gefe da gefe.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji,
daga Kura, Jihar Kano.